Duk man kariyar rana da na shafa sai fuskata ta ɗau zafi

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 28, malamar firamare ce ni, ina da aure da yaro ɗaya. Na yi kusan shekara uku ina shafa man haɗi da wata mata take sayarwa, ba suna ba takarda, a roba kawai take zubawa. Da na ga jijiyoyi sun fara fitowa a kumatuna sai na tsorata na daina, yau wata biyar ke nan. Tun daga lokacin fuskata ta rikice: ƙuraje, ja, raɗaɗi, ga baƙin tabo a kumatu da goshi da kullum ƙara duhu yake. Likitan da na gani ya ce lallai in riƙa shafa man kariyar rana, amma bai faɗa mini wane iri ba. Na farkon da na saya mai ƙamshi ne, ko minti biyar bai yi ba fuskata ta ɗau zafi kamar an watsa barkono, idona yana ta hawaye. Na biyu bai yi zafi ba, amma sai na fito fari fat kamar na yi wanka da toka, har ɗalibaina suna ƙunshe dariya. Maigida ya ce ya gaji da zubar da kuɗi, wai baƙar fata ba ruwanta da wannan, kayan Turawa ne. Yayata kuma ta ce in koma man da na bari tunda da shi fuskata lafiya lau take. Ga batun alwala, ban san ko kowace sallah sai na wanke na sake shafawa ba. Wallahi har kunyar fita nake ji. Me zan duba idan zan saya, ko dai fatata ce ba ta karɓar komai?

Ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da fama. Ajiye robar nan da kika yi ba ƙaramin abu ba ne, don mata da yawa a daidai inda kike yanzu suke karaya su koma, lokacin da fuska ta fi rikicewa bakin mutane kuma ya fi yawa. Abin da kike gani a madubi ba ya nufin kin yi kuskure da kika daina. Haka kuma kwalba biyu da suka ba ki kunya ba su isa a yanke wa sauran hukunci ba. Kowacce da dalilin da ya sa ba ta karɓe ki ba, kuma dalilin a rubuce yake a bayanta, cikin ƙananan rubutun nan da ba kowa ke karantawa ba.

Mu fara da fatar kanta. Jijiyoyi a kumatu, sannan ja da raɗaɗi da ƙuraje bayan an daina, su ne sanannun alamomin man da aka zuba wa sitiroyid mai ƙarfi, irin su clobetasol da betamethasone. Waɗannan magunguna ne da likita ke bayarwa na 'yan makonni don cutar fata, ba man shafawar kullum ba. Suna haska mutum da sauri, amma suna sirantar da fata a lokaci guda. Saman fatar mutum kamar katangar ƙasa yake: tubala a jere, maiƙo a tsakaninsu yana riƙe su, yaɓe a kai. Shekara uku na man haɗi ya zubar da yaɓen, ruwa yana fita, abin waje yana shiga. Shi ya sa man da ƙawarki za ta shafa ba ta ji komai ba, ke yana taɓa ki sai ya ratsa har inda jijiyoyin jin zafi suke. Fatar tana farfaɗowa, sai dai da watanni ake lissafi ba da kwanaki ba. Kuma halin baƙar fata ne, duk inda ta kumbura ko ta ƙone, da tabo take ramawa, rana kuma ita ce mai ƙara wa tabon duhu. A nan likitanki ya yi gaskiya, rabin bayanin ne kawai ya rage.

Akwai bambancin da nake so ki riƙe, domin shi zai nuna miki abin da za ki guda har abada da abin da za ki guda na ɗan lokaci. Zafin da ke tasowa cikin mintuna, ya lafa idan an wanke, yawanci raɗaɗi ne na fatar da ta yi rauni, kuma yakan ragu idan ta warke. Alaji kuwa, wato jiki ya ƙi wani sinadari, ba ya gaggawa: sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙaiƙayi ya taso da ƙananan ƙuraje ko kumburi, kuma duk ranar da aka sake haɗuwa da sinadarin sai ya dawo. Akwai ma nau'i na uku da ba ya tashi sai sinadarin ya haɗu da rana a kan fata. Yadda kika kwatanta naki, da minti biyar da hawaye, ya fi kama da na farko.

Yanzu ɗauko kwalbar nan mai ƙamshi ki juya bayanta. Zan rubuta sunayen yadda za ki gan su, don ki iya kwatantawa harafi da harafi. Na farkon da ake zargi shi ne ƙamshin da ya burge ki. Ana rubuta shi fragrance ko parfum, wani lokaci kuma a ɓoye shi cikin sunaye irin limonene, linalool, citronellol, ko man lemo da na furanni. Turare yana sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo alaji a kayan shafa, kuma ba ya tare rana ko kaɗan. Kada kalmar unscented ta ruɗe ki, don akan zuba wani turaren a danne warin man. Fragrance free ita ce wadda kike nema. Na biyu shi ne alcohol denat. ko ethanol. Ana sa shi don man ya bushe da wuri ba danƙo, amma a fatar da ta tsage kamar zuba sifirit ne a ciwo. Idan kin gan shi cikin sunaye biyar na farko, yana da yawa, domin ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Cetyl alcohol da cetearyl alcohol kuwa maiƙo ne masu laushi, sunan ne kawai ya zo ɗaya, kada su tsorata ki.

Sai su kansu sinadaran tare ranar. Wanda ya fi suna wajen tayar da fata shi ne oxybenzone, ana kuma rubuta shi benzophenone-3; a 2014 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin alajin fata ta ayyana danginsa a matsayin abin alajin shekara. Octocrylene ma yana yi, musamman ga wanda ya taɓa shafa maganin ciwon gaɓɓai na ketoprofen. Avobenzone, wanda a kayan Turai ake rubutawa butyl methoxydibenzoylmethane, ana yawan kuka da shi wajen yajin ido idan gumi ya gangaro da shi. Ki haɗa da octinoxate da homosalate cikin waɗanda za ki guje wa a yanzu. Ba guba ba ne, miliyoyin mutane suna shafa su lafiya, fatarki ce ba ta da ƙarfin ɗaukarsu a wannan lokaci. Idan kuma kika ci karo da methylisothiazolinone, sinadarin hana mai lalacewa, ki mayar da kwalbar inda kika ɗauko. Tarayyar Turai ta hana sa shi a man da ake bari a jiki tun 2017 saboda yawan alajin da ya jawo.

Kwalba ta biyu, wadda ta mayar da ke abin dariyar yara, ita ce ta fi kusa da abin da kike buƙata. Farin nan na sinadarai biyu ne na ma'adini, zinc oxide da titanium dioxide, bari mu kira su zinki da titaniyom. Ba sa narkewa su shige cikin fata, a sama suke zama, da wuya su jawo alaji, kuma ba su cika yajin ido ba. Zinki shi ne dai farin abin da ke cikin man da ake shafa wa jarirai idan kunzugu ya ƙone su, kin ga kuwa abin da jariri ya ɗauka. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta duba sinadaran tare rana 16, waɗannan biyun kaɗai ta ce bayanan da ke hannu sun isa a kira su amintattu, ta nemi ƙarin bincike a kan 12. Tsakanin su biyun, zinki ya fi miki. Hasken rana mai cutarwa iri biyu ne: UVB mai ƙona saman fata, da UVA mai shiga can ciki, mai ratsa gajimare da gilashin taga, mai tayar da tabo. Titaniyom yana da ƙarfi a kan UVB amma ba ya kai ƙarshen UVA, zinki kuwa yana rufe duka biyun, kuma bai kai titaniyom fari ba. Idan an rubuta adadi, kamar yadda kayan Amurka ke yi, nemi zinki kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari idan shi kaɗai ne, ko daga kashi 10 idan an haɗa shi da titaniyom. Ki karanta jerin har ƙarshe, don wasu suna rubuta mineral, wato ma'adini, da manyan baƙaƙe a gaba alhali a baya sun gauraya da waɗancan da muka ce ki bari.

To, farin fa? Maganinsa shi ne abin da na fi so ki fita da shi daga wannan amsa. Ki nemi mai launi, wanda aka rubuta wa tinted, kuma a bayansa akwai iron oxides, ko lambobin CI 77491, CI 77492 da CI 77499, wato ja da rawaya da baƙi. Tsatsar ƙarfe ce da aka tace, dangin abin da ya ba jar ƙasa launinta. Aiki biyu take yi. Tana kashe farin zinki ya koma kalar fata. Sannan tana tare hasken da ido ke gani, musamman ɓangarensa mai shuɗi, wanda bincike ya nuna yana sa fata mai duhu ta ƙara duhu kuma duhun ya daɗe, alhali farar fata bai cika damunta ba. Man kariya mara launi, komai girman lambar ƙarfin kariyar da aka rubuta a jikinsa, ba ya tare wannan hasken sosai. A gwaje-gwajen da aka yi wa masu tabon kumatu irin na goyon ciki, waɗanda suka shafa mai launi sun fi samun sauƙi. Wato ga mace irinki, launin nan ba kwalliya ba ce, yana cikin maganin.

Matsalar ita ce da yawa daga masu launin an yi su ne don fata mai haske, sai ki shafa ki fito kamar ƙasa-ƙasa. Ki gwada a muƙamuƙi, ki fita hasken waje ki duba bayan minti 10, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Idan ba ki sami kalarki ba, ki shafa farin a shimfiɗa biyu marasa kauri, ki bar minti biyu zuwa uku a tsakani, ki danna da tafin hannu maimakon murzawa, sannan bayan ya zauna ki ɗora hoda ko fandeshan daidai kalarki mara turare, su ma da tsatsar ƙarfen ake yinsu. Abin da ba a yi shi ne kwaɓa man kariya da fandeshan ko wani mai a tafin hannu. Kin tsinka shi ke nan, lambar da ke jikin kwalbar ta tashi aiki.

Idan duk da haka zinki ya gagara, akwai hanya ta biyu. Kayan Turai da Koriya da Japan suna amfani da sababbin sinadarai marasa fari, irin su Tinosorb S da Uvinul A Plus da Uvinul T 150. Ƙwayoyinsu manya ne, ba sa ratsa fata da sauƙi, rana ba ta saurin karya su, kuma ba a cika samun alaji da su ba. Sunayensu a bayan kwalba dogaye ne kamar jirgin ƙasa, amma ki duba wanda ya ƙare da triazine ko triazone, da kuma diethylamino hydroxybenzoyl hexyl benzoate. Sai dai sau da yawa akan haɗo su da alcohol denat. ko octocrylene, don haka karatun bayan kwalba bai faɗi ba. A ganina ki ba zinki wata biyu zuwa uku tukuna, fata ta yi ƙwari, sannan ki gwada waɗannan idan kina son mai sauƙin shafawa. Idan kina da ciki ko kina sa rai, ki tsaya a kan zinki. Ko wanne kika ɗauka, ganin glycerin, ceramide, panthenol ko niacinamide a ciki alheri ne, suna taimakawa wajen mayar da yaɓen.

Lambobin gaba ba su da wuya. SPF ma'aunin UVB ne kawai: 15 yana tare kusan kashi 93, 30 kusan 97, 50 kusan 98. Daga 30 zuwa 50 ya ishe ki, kada ki biya kuɗin 100. Na UVA daban ake nunawa: broad spectrum a kayan Amurka, haruffan UVA cikin da'ira a na Turai, PA da alamar tarawa uku ko huɗu a na Asiya. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan ba naki ba ne.

Kada ki sake ɗora sabon mai a fuska ranar da kika saye shi. Ki shafa a cikin damtse, wuri kamar faɗin kwabo, safe da yamma, kwana 7 zuwa 10, a wuri ɗaya. Idan shiru, ki koma gefen muƙamuƙi kwana uku, ki kuma bari wurin ya ga rana, saboda wancan nau'i na uku. Sannan fuska gaba ɗaya. A duk tsawon gwajin kada ki shigo da wani sabon sabulu ko mai, in ba haka ba ba za ki gane mai laifi ba. Ɗan ɗumi na minti ɗaya zuwa biyu da ya wuce da kansa ba komai ba ne a fata mai jinya. Zafin da ya ƙi tafiya, ƙaiƙayi ko ƙuraje, ki wanke ki ajiye.

Inda aka fi faɗuwa shi ne yawan abin da ake shafawa. Ana gwada lambar SPF ne da miligiram 2 a kowace murabba'in santimita ta fata, yawancin mutane kuwa rabin haka ko ƙasa suke shafawa, sai mai lamba 50 ya yi aikin ƙaramar lamba. Fuska tana cin kusan rubu'in cokalin shayi, mililita 1.25, ko layi biyu a tsawon manuniya da ɗan yatsan tsakiya. Idan wuyanki a buɗe yake ki ninka. Ki auna sau ɗaya da sirinji mara allura idonki ya saba. Tsarin safe shi ne: wanke fuska da ruwa mai ɗan ɗumi da abin wanki mara kumfa sosai mara turare, ba soso, ba sabulun salo, ba sabulun maganin ƙuraje, don dukkansu suna ƙara kankare maiƙon fata, ki tsane da tawul ba gogewa, man laushi mara turare, minti biyar, man kariya, minti 15 kafin ki sa hijabi ki fita. Jiran nan yana rage ɓata bakin hijabi, don mai launi yana shafar yadi, ko da yake sabulu na fitar da shi.

Batun alwala bai kai yadda kike tsoro ba, don ba duk salloli biyar ne suka faɗo cikin rana ba. Asuba da magariba da isha ba sa buƙatar sake shafa man kariya. Ƙa'idar da malamai ke bayarwa ita ce a gusar da duk abin da ke da jikin da zai hana ruwa isa fata, don haka wanda aka rubuta wa water resistant, mai jure ruwa na minti 40 ko 80, ki wanke shi kafin alwala, ki kuma tambayi malaminku idan kina son tafsili. Don zaman aji, mara jure ruwa ya fi sauƙin fita, ba kya buƙatar dirza. Ga dabarar da za ta rage miki wanki: shafawar safe ta kai ki taron ɗalibai da aji, idan an tashi, ki yi alwalar azahar a makaranta, ki sake shafawa, sannan ki kama hanya. Wannan tafiyar ta komawa gida ita ce mafi haɗari a yininki, don rana ta fi ƙarfi daga 10 na safe zuwa 4 na yamma, kuma a Arewa ma'aunin ƙarfin hasken rana mai cutarwa, wato na UV, da tsakar rana yakan kai 11, matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira mai tsanani, alhali daga 3 take cewa a fara kariya. Duk lokacin da inuwarki ta fi ki gajarta, rana tana cizo. Bayan la'asar ba sai kin sake shafawa ba, sai in za ki fita ko za ki yi wanki da girki a tsakar gida. Tsakar gida ma rana ce, mata da yawa suna mantawa. Idan kuma yini za ki yi a waje, kamar ranar wasannin makaranta, to duk awa biyu, da duk lokacin da kika share gumi.

Maigida kuwa, rabin maganarsa gaskiya ce, kuma zai fi saurarenki idan kika fara da amsa masa wannan rabin. Baƙar fata tana da kariyarta ta halitta, an kiyasta ta da kusan SPF 13, ba ta ƙonewa kamar ta Bature, kansar fata ta rana ma ta fi ƙaranci a cikinmu. Amma ke ba ƙonewa kike gudu ba, tabo kike jinya, a kan fatar da aka yi shekara uku ana rage mata wannan kariyar. Shi kuma abin da ya gani kwalba biyu ne a ajiye da kuɗinsa a ciki, ba laifi ba ne idan ya ji zafi. Ki zo masa da lissafi maimakon koke. Kwalbar mililita 50 tana ba da shafawa 40. Sau biyu a rana, kwana biyar a mako, mako huɗu ke nan. Wato kusan kwalba ɗaya a wata, kuma wannan karon da gwaji kafin a ƙara saye. Ki duba na yara masu zinki mara turare, sukan zo a babbar kwalba kuma sukan fi araha idan aka raba da mililita. Farin nan da kike da shi kada ki zubar, ki shafa shi a ranakun zaman gida da bayan hannu. Ki ƙara da laima mai duhu, sayen sau ɗaya ce. Hijabi yana kare wuya da kunne amma ya bar kumatu da goshi, daidai inda tabonki yake; gyale mai shara-shara kuwa, ɗaga shi ki kalli rana, abin da idonki ya gani fatarki ma tana samu. Idan zai yarda ya raka ki ganin likita sau ɗaya, ya ji daga bakinsa, ya fi ki maimaita sau goma.

Yayarki ba mugunta take nufi ba. Ta ga fuskarki sumul a da, ta gan ta yanzu, ta haɗa lissafin da ido ya ba ta. Abin da ba ta sani ba shi ne haka sitiroyid yake kama mutum: yana danne kumburin da shi ya haddasa, ka daina ya taso, ka koma ya lafa, fata tana ƙara sirancewa a kowane zagaye, har a kai ga nankarwa da ciwon da ba ya saurin warkewa. Ba sai kin yi musu da ita ba. Ki ce mata likita ya hana, kina kan magani, ki roƙe ta ta ba ki wata shida kafin ta sake tayar da zancen. Idan ita ma tana shafawa, ki lura maganarki na iya zama mata kamar gori, ki tausasa. Kuma idan ta tashi dainawa, ta fara ganin likita, don wani lokaci a hankali ake janye shi.

Za a kawo miki shawarwari kala-kala, ki tace. Man kaɗanya yana laushi, amma kariyarsa daga rana ba ta taka kara ta karya ba, haka man kwakwa da man zaitun. Man jarirai mai zinki ba a gwada shi don rana ba, kwaɓa garin zinki a gida kuma yana barin gurabe da ido ba ya gani. Lemon tsami a fuska sannan a shiga rana yana iya ƙona fata ya bar tabon da ya fi wanda ake gudu. Wajen saye, ki je kantin magani ko shagon da kika amince da shi, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da hatimin murfi, ki guji duk man kariyar da aka rubuta wa whitening ko aka ɗura a robar da ba ta kamfani ba, kada a dawo da ke gidan jiya ta ƙofar baya. Zafi yana lalata shi, don haka ba a barinsa a mota ko bakin taga. Idan ya rabu ruwa daban mai daban, ko warinsa ya canza, ya gama aiki.

Ki koma asibiti, wannan karon ki nemi a tura ki sashen fata na asibitin koyarwa, ki tafi da kwalaben biyu da ragowar man haɗin idan akwai. Ki faɗi shekara ukun nan ba ragi, da ko a fuska kawai kike shafawa ko duk jiki, domin sitiroyid da aka daɗe ana shafawa a jiki duka yana shiga jini, kuma ya kamata a auna miki hawan jini da suga, musamman idan kina jin kasala ko jiri da ba ki saba ba. Ki nuna tabon da kyau: idan ya yi baƙi mai shuɗi-shuɗi da gurji-gurji, yana iya zama ɓarnar wani sinadarin haska fata mai suna hydroquinone, wadda ƙarin man haske ke tsananta ta. Idan an ba ki doxycycline don ƙuraje, ki sani yana sa fata saurin ƙonewa a rana, laima da man kariya sun zama dole. Idan mai na uku ma ya kawo ƙaiƙayi bayan kwana biyu, ki nemi gwajin alaji, wanda ake manna sinadarai a baya na awa 48 a gano takamaiman mai laifi. Kumburin leɓe ko fatar ido, ko numfashi ya yi nauyi bayan shafa wani abu, wannan ba na jira ba ne, asibiti nan take. Kafin ki fara sabon man, ki ɗauki hoton fuskarki a bakin taga da safe, ki sake ɗauka a wuri ɗaya bayan mako 8 da mako 12, ki tafi wa likitan da su. Allah Ya ba ki lafiya, ƙanwata, ki rubuto mana sunayen da kika gani a bayan kwalbar farko mu duba tare.